Kwalabe Tara da Sunan Yacouba

Wata huɗu Yacouba Hamani ya yi a gida saboda kuskuren da ba a ga ya aikata ba. Wadda ta rubuta rahoton da ya sa aka dakatar da shi, Dokta Halimatou Sanda, ita ce kuma ta miƙe ranar Alhamis, 13 ga Yuni, a gaban kwamitin mutum biyar, ta ce laifin nata ne. Zaman bai wuce minti arba'in ba. Babu wanda ya ɗaga murya.

Abin ya faru a wani ɗakin bincike da ke bayan wani asibitin yara a Yamai, gini mai hawa ɗaya wanda ma'aikatansa ke ce wa labo. Shekara biyu ke nan ana bincike a can kan emasi, cutar amosanin jini da yaro ke gada daga uwa da uba. Tambayar da ake neman amsarta guda ce. Yara biyu, cuta iri ɗaya, amma ɗaya yana kwanciya asibiti sau shida a shekara, ƙasusuwa na yi masa ciwo kamar ana sassaƙa su, ɗayan kuwa yana buga ƙwallo a layi har ya gama firamare bai san zafinta sosai ba. Me ya raba su? Don a gano, ana ɗibar jinin yaro da na mahaifiyarsa a kwatanta. An yi rajistar yara ɗari huɗu da goma sha biyu, kowane da uwarsa.

Halimatou ce ke jagorantar aikin. Shekarunta talatin da takwas, 'yar Damagaram, ta yi karatu a Dakar, ba ta makara kuma ba ta son a makara. Yacouba shi ne mai ɗibar jini, shi ke rubuta lamba a jikin kwalba, shi ke sa ta a na'ura. Bazabarme ne daga Dosso, shekarunsa hamsin da huɗu, ashirin da uku daga ciki a wannan labo. Hausarsa ta kasuwa ce, wani lokaci yakan ce wa mace kai, ya ce wa namiji ke, yara su yi ta dariya, kafin su gama dariyar ya riga ya zare allura. Iyaye mata sun san shi da abu ɗaya: ba ya soka sau biyu.

A ƙarshen Janairu, Halimatou tana jera sakamako a ordinater, wato kwamfuta, ta ga abin da ba zai yiwu ba. Yaron da jininsa ya nuna SS, dole uwarsa na ɗauke da S ko da guda ɗaya ne, domin ɗaya daga uwa yake zuwa, ɗaya daga uba. Ga yara tara masu SS, ga iyayensu mata tara masu AA, jini garau babu ɗigon cutar. Ta sa aka fito da kwalaben daga firigo, na'urar sanyi, aka sake gwadawa. Haka suka sake fitowa.

Bayani ɗaya ta gani. An haɗa kwalabe, an rubuta lambar wata a kan jinin wata. Saura mako biyu kuma abokan aikin da ke ƙasar waje su turo masu duba aiki.

An zauna a biro, wato ofis, na darakta, Farfesa Kabiru Maman, su uku. Yacouba ya saurari komai hannuwansa a kan gwiwa, sannan ya ce, "Madam, kafin a rubuta komai, a kira matan nan ɗaya-ɗaya. A tambaye su a ɗaki, ba yaro, ba kowa."

Halimatou ta amsa da Faransanci. Ta ce labo ba dandalin hira ba ne. Kowace mace an tambaye ta ko ita ta haifi yaron, ta ce i, ta dangwala yatsa a takarda, kuma ita Halimatou da bakinta ta yi tambayar. Farfesa ya dubi agogo.

Rahoton shafi ɗaya da rabi ne. Ya ce Yacouba da hannu yake rubuta lamba, alhali akwai na'urar bugawa. Ya ce yakan ajiye kwalaben iyaye da na yara a kan tebur ɗaya. Ya ce yakan tashi sallar azahar ya bar aiki a buɗe. Duk gaskiya ne, sai dai babu ɗaya daga ciki da ta taɓa gani ya jawo kuskure. Kalmar sakaci ta fito sau biyu. Ranar Litinin, 12 ga Fabrairu, Yacouba ya ajiye makullan firigo a kan teburinta, ya ce, "Sai an jima, Madam," ya tura babur ɗinsa har bakin titi kafin ya tayar da shi. Masu duba aiki suka zo, suka yaba da yadda aka gano matsala da wuri aka kuma ɗauki mataki.

Sake ɗibar jinin uwa mai lafiya sai da sabon izini daga kwamitin da ke kare haƙƙin waɗanda ake bincike a kansu. Izinin bai fito ba sai 27 ga Mayu. A lokacin an ɗauki wata sabuwar ma'aikaciya, Fa'iza, kuma Halimatou ta tsaya a kanta tun daga ɗaurin hannu har zuwa manna lamba, wadda na'ura ta buga. Mata uku daga cikin tara suka amsa kira a makon farko. Dukansu uku AA.

Fa'iza ta ce, "Dokta, ko in sake?"

"Sake."

Ta sake. Babu abin da ya canja. Halimatou ta ɗauki takardun ta shiga biro ta rufe ƙofa. Kuran, wato wutar lantarki, ta ɗauke, janareta ya tashi, ita tana zaune tana kallon lambobi uku.

Ta ukun cikin matan ita ce Hajiya Hamsatu, mai sayar da atamfa, mai shekara arba'in da huɗu, uwar wata yarinya Anisa 'yar shekara shida. Ranar Laraba, 5 ga Yuni, bayan la'asar, Halimatou ta cire farar rigarta ta shiga taksi, ta haye gada zuwa unguwar Harobanda. Ba ta gaya wa kowa a labo inda za ta ba.

Ta tarar da Hajiya Hamsatu a tsakar gida tana tsinke zogale a faranti, Anisa na kwance a kan cinyarta, idanunta da ɗan rawaya-rawaya irin na masu emasi. Can wajen famfo wata mace siririya, da ba ta kai talatin ba, tana wanki.

"Likita da kanta?" in ji Hajiya Hamsatu. "Yau wane laifi muka yi? Zeinabu, kawo tabarma. A'a, kujera, masu allura ba su zaman ƙasa."

"Tabarmar ta isa, Hajiya."

Aka gaisa, aka tambayi zafi da aiki da mutanen gida. Aka kawo ruwan ƙanƙara. Halimatou ta ce magana ce ta manya. Hajiya Hamsatu ta tashi Anisa ta ce ta je gidan su Bintu ta ga ragon da aka kawo musu. Yarinyar ta tsaya wajen mai wankin ta ce, "Anti Zeinabu, ina takalmina?" Matar ta nuna mata da haɓa, ba ta dube ta ba.

Da ƙofa ta rufu, Halimatou ta ce, "Hajiya, tsakanina da ke. Wa ya haifi Anisa?"

Hannun Hajiya Hamsatu ya tsaya a cikin zogale. "Kin tambaye ni bara, na ba ki amsa."

"A gaban yarinyar na tambaye ki."

"To, ashe kin sani."

Ta ci gaba da tsinka, ta yi maganar tana kallon faranti. Anisa ɗiyar ƙanenta Bashir ce, ɗiyar fari. Ita Hajiya maza huɗu ta haifa, ba ta samu mace ba, ranar da aka yaye yarinyar aka goya mata ita. Tun ranar ita ke kwana da ita idan ciwo ya tashi, ita ke dafa ruwan gashi, ita ta san wane gwiwa ke fara kumburi.

"Ga wadda ta haife ta can tana wanke mata riga. Gidansu na bayan namu. Duk zuwan da muka yi wajenku da ita muka je, ita ke riƙe jaka a bakin ƙofa. Ba ki gan ta ba?"

Halimatou ta gan ta. Ta tuna da ita sarai, a tsaye jikin bango, lulluɓe da shuɗin mayafi.

"Likita, layi cike da mata, ɗiya a kan cinyata tana jin kowace kalma, ki ɗaga kai daga takarda ki ce ke kika haife ta? Mi kike so in ce? In ce a'a, a hanya na tsince ta? Da kin ja ni gefe kin ce jinin wadda ta ɗauki ciki ake so don a nemo magani, wallahi da na turo miki ita ta ƙofar baya. Ni na ɗauka jini jini ne, tunda duk gida ɗaya muke. Ke ba Bahaushiya ba ce?"

"Bahaushiya ce, Hajiya."

"To!"

Aka kira Zeinabu. Ta zo tana goge hannu a zani, ta durƙusa nesa kaɗan. Halimatou ta yi mata bayani, ta tambaye ta ko za ta yarda a ɗibi jininta.

"In Hajiya ta yarda," in ji ta.

"Ji ta," Hajiya Hamsatu ta ce. "Shekara shida ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba. 'Yar Hajiya ta ci abinci? 'Yar Hajiya ta sha magani? Kunyar ɗan fari za ta kashe ki, Zeinabu."

Zeinabu ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ta raka Halimatou zuwa zaure. A nan, inda babu mai ji, ta yi magana da sauri kamar wadda ta daɗe tana riƙe da ita.

"Likita, ina baban nan mai allura? Wannan sabuwar sau uku ta soki yarinyar nan a watan jiya. Hannun ya yi kwana biyar da tabo."

"Yana hutu," in ji Halimatou.

"Allah ya dawo da shi lafiya."

A taksin komawa su huɗu ne a baya, wata mata da buhun gawayi a kan ƙafa tana faɗa da direba da Zabarmanci. Halimatou ta manna goshi a gilashi tana kallon kogi, wanda bai gama cika ba. Abin da ke ranta ba gidan Hajiya Hamsatu ba ne. Wani gida ne a Damagaram, da wata safiya da aka kai ta lakwal, makarantar boko, tana shekara bakwai. Malamin da ke rubuta sunaye ya tambayi matar da ta riƙo hannunta ko ita ce uwar. Inna Delu ta ce, "Ni na haife ta, wata tara cif, kana son ka ga shaida?" Malam ya yi dariya ya rubuta. A bakin ƙofa, riƙe da allonta da alli, akwai matar da Halimatou ke kira Yaya Rukayya. Sai da ta kai shekara goma sha uku ta san Inna Delu gwaggonta ce, Yaya Rukayya ce ta haife ta. Har yau a salularta sunan matar Yaya ne.

Wato babu wani a labo da ya fi ta sanin wannan abu. A cikinsa ta girma. Amma takardar tambayoyin daga waje ta zo, da Faransanci, da akwati biyu, i ko a'a. Ita kuma tana bayan tebur cikin farar riga, mata sittin a layi, tana son a gama kafin sha biyu. Sau ɗari huɗu da goma sha biyu ta yi tambayar da babu mariƙiyar da za ta amsa ta da gaskiya a gaban yaro, ba ta ji komai a jikinta ba ko sau ɗaya.

Washegari Zeinabu ta zo ita kaɗai, aka ɗibi jininta. AS. Daidai yadda ya kamata uwar Anisa ta kasance. Halimatou ta sa takardar a aljihun tebur ta kulle.

Kwana biyar takardar na ciki. Ta zo aiki kullum a kan lokaci, ta sa hannu a abin da ake sa hannu, ta gyara wa Fa'iza riƙon allura. Ta ga akwai wata hanya, kuma ta daɗe tana duban ta. Za ta iya rubuta sabon rahoto ta ce bincike mai zurfi ya gano al'adar riƙo tana shafar sakamako. Abokan aiki na waje za su so shi, har su ce a buga. Ba dole ba ne a ambaci watan Fabrairu. Ta kai ga rubuta sakin layi biyu. Farfesa Kabiru ya leƙo ranar Juma'a ya ce, "Dokta, labo ya yi tsaf tunda kika share shi." Ta ce na gode.

Ranar Litinin da rana Inna Delu ta kira daga Damagaram don ta ji ko za ta zo sallar layya. Tsohuwar ta saurari muryarta ta ce, "Mi ya same ki?" Halimatou ba ta yi niyyar faɗa ba, amma ta faɗa, daga farko har ƙarshe.

Ana jin kukan kaji a layi.

"Ke Halima. Ke da na goya a bayana? Da wani ya tambaye ni haka a gabanki, mi kika ji na ce?"

"Na tuna, Inna."

"Ba ki tuna ba. Mutumin yana da iyali?"

"Yana da."

"Kin je gidansa?"

"Tukuna."

"To ajiye wayar. Ba ni da magana da ke sai kin je."

Ta je ranar Talata bayan la'asar. An yi ruwa da safe, layukan unguwar Talladjé sun cika da taɓo, kowace ƙofa da rago a ɗaure. Sau biyu ta tambayi gidan. Na biyun da ta tambaya, wani mai gyaran babur, ya ce, "Yacouba na labo? Wanda ya haɗa jinin yara? Ga iccen bedi can, yana ƙarƙashi."

Yana zaune a kan benci da maza biyu sa'anninsa, yana fifita gawayin shayi. Ya rame kaɗan. Da ya gan ta ya miƙe, kamar yadda yake yi a labo.

"Fofo, Madam. Kin sha hanya."

Ɗaya daga cikin mazan, Halidu, mai furfura da carbi a wuya, ya dube ta sama da ƙasa. "Ita ce shugabar taku? Madam, in jininmu kika zo ɗiba, ki riƙe shi da kyau. Lokacin layya ne, kar a ce mini ɗan rago ne ni."

Ɗayan ya yi dariya. Yacouba bai yi ba. Ya ce, "Halidu, kula da shayi," ya shigar da ita gida. Matarsa Mariyam ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta ajiye ruwa, ta amsa gaisuwa da kalma ɗaya, ta koma madafa ta bar ƙofar a buɗe.

Halimatou ta shirya jawabi a hanya. Bai zo ba. Ta fito da takardar Zeinabu da ta Hajiya Hamsatu da ta Anisa ta miƙa masa. Ya sa tabarau ya karanta su a tsanake, har da kwanan wata da lambar na'ura.

"Mai shuɗin mayafi," in ji shi.

"Ka sani?"

"Ban sani ba. Na yi zato." Ya cire tabarau. "Madam, shekara ashirin da uku ina soka wa yara allura. Jijiya, yatsa ke ganin ta, ba ido ba. Ido yana wajen mata. Wadda ta riƙe yaro tana cewa yi haƙuri, yi haƙuri, an gama. Wata kuma tana bakin ƙofa, ba ta ce komai, amma in allura ta shiga sai ta juya fuska ga bango. Mu ma Zabarmawa muna ba da ɗa riƙo. Ni kaina kawuna ya rene ni."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa, Madam. Da Hausa na faɗa, kika amsa da Faransanci."

Daga madafa aka ji an ajiye murfin tukunya da ƙarfi. Halimatou ta kalli tabarma. Akwai wani zare ja da ya warware a gefe, ta kafa masa ido.

"Malam Yacouba, na zalunce ka. Na rubuta abin da ban gani ba. Jibi akwai zaman kwamiti, zan faɗa a gabansu."

Ya mayar mata da takardun. Sannan ya ba ta labari, da murya irin ta mai karanta sakamako. Da, matan unguwa kan kawo masa yara da zazzaɓi ya duba idonsu ya ce a tafi asibiti ko a jira. Tun azumi babu wadda ta kawo. Ɗiyarsa ta biyu tana karatun aikin jinya, wani malaminsu ya tambaye ta a gaban aji ko ita ce ɗiyar Hamani na labo. Wani asibiti mai zaman kansa ya so ya ɗauke shi, suka nemi dosiyensa, wato fayil ɗin aikinsa, ba su sake kira ba.

"Aiki, Allah ke bayarwa," in ji shi. "Kalmar nan, sakaci, nake so a cire. Sau biyu kika rubuta ta. In na mutu yau, ita ce takarda ta ƙarshe a dosiyena."

"Za a cire."

"Kar ki yi alkawarin abin da ba a hannunki yake ba, Madam. Sha ruwa."

Ta sha. Ya raka ta har bakin titi ya tsayar mata da taksi, ya gaya wa direba unguwarsu da Zabarmanci, domin ya san inda take zaune. Da suka wuce benci, Halidu ya ce ba za ta tsaya ta sha shayi na biyu ba?

Ranar Alhamis ta karanta wa kwamiti shafi ɗaya. Ta ce ita ta tsara yadda ake tambayar iyaye, ita ta yi tambayar a bainar jama'a a gaban yara, ita ta ƙi sauraren ma'aikacin da ya ba da shawarar da ta dace. Ta ce ta san al'adar riƙo, domin ita ma 'yar riƙo ce. Wannan jimlar ba ta cikin takarda. Farfesa Kabiru ya dubi alƙalamin da ke hannunsa har ta gama.

Kwamiti ya yanke abu uku. A mayar da Yacouba bakin aiki. A sake tambayar dukan matan ɗari huɗu da goma sha biyu, ɗaya-ɗaya, a ɗaki mai ƙofa, ba tare da yaro ba. Rahoton Fabrairu kuwa zai zauna a dosiyensa, da ƙarin bayani a manne, har sai an warware kwalabe tara duka. Wani likita a kwamitin ya ce an tabbatar da ɗaya, saura takwas, kuma babu abin da ya hana ɗaya daga cikinsu ta zama haɗa kwalba ce da gaske.

Halimatou ta ce ita ta rubuta rahoton, kuma ta janye shi.

"Dokta," in ji likitan, "a Fabrairu mun yarda da ke ba tare da mun duba ba. Kar ki nemi mu sake."

Ta naɗe takardarta. Ta zauna.

Yacouba ya koma aiki ranar 1 ga Yuli. Ya karɓi makullansa, ya ƙirga su, ya ce, "Ina kwana, Madam." Yana amfani da na'urar buga lamba yanzu, kuma idan zai tashi salla yakan kira Fa'iza ta tsaya a kan tebur, ko da babu kwalba ko ɗaya a kai. Halimatou ta ce masa ba sai ya yi haka ba. Ya ce ya fi.

Tambayar matan ta ɗauki mako shida. Halimatou ce ta yi ta da kanta, a wani ƙaramin ɗaki da ake ajiye kwalaye, ba farar riga, da tabarma a ƙasa. Daga cikin tara na farko, takwas 'yan riƙo ne: biyar a hannun gwaggo, biyu a hannun matar kawu, ɗaya a hannun aminiyar uwarsa. A cikin sauran an samu wasu talatin da ɗaya, waɗanda jini bai tona su ba domin mariƙiyar ma tana ɗauke da S. An cire lissafin shekara biyu an fara sabo. Iyayen da suka haifa sun riƙa zuwa ta ƙofar baya, yawanci da rana tsaka, su ba da hannu su tafi. Da yawa sun roƙi kar a kira sunan yaron a gabansu.

Ta tara ita ce kwalba mai lamba 287, ta wata mata da ta kawo yaro ɗan shekara huɗu a watan Nuwamba. Gidan hayar da ta rubuta a rajista wasu ne a ciki yanzu. Maƙwabta sun ce mijin ya kwashe iyalin a watan Maris sun yi arewa, wani ya ce Agadas, wani ya ce wajen masu haƙar zinariya. Babu wanda ya san ko ita ta haifi yaron, domin ba su daɗe a unguwar ba. Halimatou tana kiran lambar wayar da matar ta bari kowace safiya da ƙarfe takwas, kafin ta buɗe ordinater. Har zuwa ranar 31 ga Yuli lambar ba ta shiga ba, kuma rahoton yana cikin dosiyen Yacouba.